Sunan Da Lasifika Ta Kira

Ruwan Godiya,
12 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga aminina Alhaji Tanimu, Tudun Wada, Zariya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Lauratu da yara. Yaya ƙafar taka? Tawa ma ta bi sahu, yanzu ko masallaci sai da sanda, idon hagu kuma dishi-dishi yake gani.

Dalilin wannan takarda, ɗan Indo ne. Kada ka yi dariya, na san tun muna Midil a Katsina kake mani tsiyar ƙauyanci. Ɗana ne na fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran ɗan fari da suna, ba ya zaman hira da shi. Ana yaye shi Yaya Indo ta ɗauke shi zuwa Yargoje, shi ya sa nake ce mashi ɗanta. Da ya dawo ya shiga ajina a elementare, in ina kiran suna na zo kansa sai in ce, “Na gaba.” Ya amsa, yara su yi ta dariya. Amma a shekarun da na yi ina koyar da lissafi ban ga kai irin nasa ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai Indo.

Duk abin da ke tsakanina da shi ta bakinta yake bi. Ga shi bara ta rasu, mahaifiyarsa Rakiya kuwa ka san ta daɗe a ƙasa. Gidan ni kaɗai ne sai kaji.

Na ji wata mai zuwa za su yi jarrabawar ƙarshe ta digirin akanta. Tunda a wurinka yake hutun mako, ka duba mani ko yana cin abinci. In karatu ya kama shi mantawa yake yi. Kada ka ce ni na tambaya.

A nan samari duk sun tafi Kaduna aikin gini, masu noman ƙwadago sun yi wuya. Maigari ya tambaye ni mene ne akanta, na yi mashi bayani, ya ce to ashe yaron ne zai tsare mana kuɗin fetur kada su zube a hanya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Gide.

Ruwan Godiya,
3 ga Agusta, 1977.

Aminina Alhaji Tanimu,

Ina gaisuwa, da fatan damina tana yi maku kyau. Na ga saƙonka cewa ya ci jarrabawa da daraja. Na karanta na shiga ɗaki na rufe ƙofa, sauran kuma tsakanina da Allah.

Ya zo yi mani sallama kafin ya tafi bautar ƙasa Kalaba. Ya rame. Ya yi gyaran murya a ƙofar zaure kamar kullum, ya shigo ya durƙusa nesa da tabarmata. Ya ce a watan Disamba za a yi bikin ba su digiri, zai hawo mota ya zo. Sannan ya ce, “Baba, kujera biyu ake ba kowa. Ɗaya ta Baba Tanimu ce. Inna ba ta nan, Gwaggo Indo ba ta nan.”

Tanimu, maganar tana bakina. Na dubi tabarma na ce Allah ya kai mu. Ya jira. Na tambaye shi ko hanyar Kalaba tana da kyau. Ya ce tana da kyau. Washegari ya tafi.

Da Indo tana raye, da ta bi shi har bakin hanya ta ce mashi, rabu da ubanka, tun yau zai fara wanke riga. Kuma gaskiyarta, na ba da farar rigata a gyara wuya. Maƙwabcina Malam Almu ya sayo mani rago a kasuwar Ƙanƙara, ina kiwonsa don ranar da yaron zai shigo gida da takardarsa. Wannan ma ka bar shi a cikinka.

Naka har kullum,
Gide.

Ruwan Godiya,
20 ga Disamba, 1977.

Aminina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso, kuma na sha faɗan da ke cikinta. Ka ce kujerata ta wuni babu kowa. Haka ne. Amma na je Zariya.

Na hau motar auduga zuwa Funtuwa, daga can na shiga bas, katin gayyatar da ka aiko yana aljihuna. Ban sauka gidanka ba don kada ka ja ni gabansa. A ƙofar filin taron na haɗu da Alhaji Rabo na Faskari, ya kawo ƙanensa. Yana ganina ya ce, “A’a, Malam! Kai ma zamani ya ci ka? Guɗa ka zo yi wa ɗan fari?” Wasa yake yi, na sani. Amma na hango kujerun iyaye a fili, kowa na kallon kowa, na tuna mahaifina bai je ko ɗaurin aurena ba. Sai na ce mashi asibitin ido na zo, na biyo ne kawai. Na zagaya baya na tsaya gindin wata dalbejiya da aka ɗaura wa lasifika.

Daga nan na ji komai. Da aka zo kan masu akanta aka kira shi, cikakken suna har da nawa a ƙarshe.

Bayan an tashi na hango ku. Rigar ta yi mashi yawa a kafaɗa, hular kuma ya karkata ta. Na ga yana ta waige-waige. Na ga mai hoto yana jera ku, shi kuma ya matsa ya bar fili a damansa har mai hoton ya gaji ya ɗauka haka. Na ce a raina, ba komai, gobe zai zo gida gaisuwa, ai ɗa ne ke zuwa wurin uba. Na yi sauri na nemi mota don in riga shi isowa. Na sa aka share zaure, aka jiƙa gero, Malam Almu ya wasa wuƙa.

Kwana uku ina zaune a ƙofar gida da farar riga. Sai takardarka ta zo cewa ya koma Kalaba a ranar, wai ya ce in ya gama zai kama aiki a Ikko, tunda ba mai nemansa a gida.

Ka ce za ka yi mashi bayani. Na gode, amma kada ka yi. Ka turo mani adireshinsa.

Naka,
Gide.

Ruwan Godiya,
9 ga Janairu, 1978.

Maharazu,

Ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya baƙunta? An ce abincinsu ba irin namu ba ne, ka daure ka riƙa ci.

Ka ga sunan da na rubuta a sama. Tun ranar da liman ya raɗa maka shi ban sa shi a bakina ba sai sau ɗaya, a Zariya, gindin dalbejiyar da ke bayan filin taronku. Da lasifika ta kira ka sai na ji ina maimaitawa a fili, har wani mai rake ya waiwayo ya tambaye ni ko ɗana ne. Na ce ɗana ne, akanta ne.

Hularka ta karkata hagu. Filin da ka bari a damanka na gan shi.

Ba zan hana ka aikin Ikko ba, karatunka ne, kai ka sha wahalarsa. Amma malamin asibiti ya ce idon dama ma ya kama, rubutun nan da ƙyar nake ganin layinsa, kuma tun dawowata ƙirjin bai bar ni na je masallaci ba. Ina so in ga takardar digirin da idona, in ga yadda suka rubuta sunan. Ragonka yana nan ɗaure. In ka zo ka tarar da zauren a rufe, ragon yana wurin Malam Almu, naka ne.

In kuwa ka same ni, kada ka tsaya gyaran murya a ƙofa. Ka tsaya inda zan hango ka kawai. Ni zan kira ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Gide.