Ciwon da Na Kira Ya Dawo

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramar? Ni ma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na san ba ki manta da maganarmu ba, cewa ranar da na kasa sauka daga benen nan da ƙafata, za ki zo ki ɗauke ni zuwa gidanki. Da maganar nake kwana, da ita nake tashi. Ba zama da ku nake ƙi ba, Uwata. Amma a ɗakin nan mahaifiyarki ta cika, kuma a nan na san inda komai yake ko da idona a rufe.

Matar asibitin da kika haɗa ni da ita, mai gashin ƙashi, ta koya mini miƙe jiki. Kullum da safe sai in zauna a gado, in saƙala tawul a tafin ƙafa, in ja har jijiyar bayan gwiwa ta yi tsami, in riƙe. Sannan in dafa bango in tura dunduniya baya. Da farko har hawaye nake yi. Yanzu ina kai inda ban taɓa kaiwa ba, zafin kuma ya zama ɗan kaɗan. Telan da ke ƙasa ya gan ni ina saukowa, ya ce wai tsoho na shirin gasar tsere.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Shekaranjiya na buge ƙaurina da ƙafar gado. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, amma zafin bai kai yadda na sani ba. Allurar da aka yi mini a hannu ma, wadda a da nake runtse ido saboda ita, ko motsi ban yi ba. Hannu kuwa ai ba shi nake miƙewa ba. Kin tuna baffanki? Haka nasa ya fara. Ya daina jin ƙafa, ya taka ƙusa bai sani ba, ƙarshenta aka yanke ta. Kada ki tada hankalinki, faɗa miki kawai na yi.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Mahaifinki

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da kika ce tarin ya tafi.

Kin ce in tambayi mai gashin ƙashin. Ban tambaye ta ba. Na ji tsoron ta rubuta wani abu a katina ta sanar da ke kafin in shirya. Sai na yi wa kaina dabara. Na ce in dai miƙewar nan ce take kashe mini jijiya, bari in daina in ga ko zafin zai dawo. Na ninke tawul na ajiye.

Ya dawo, Uwata. Ranar da na tashi na ji ƙuguna yana sara, wallahi murna na yi, kamar na ga baƙon da na fid da rai da shi. Na ce ashe ƙafar tana nan da ranta. Amma bai tsaya inda na so ba. Ya sauko gwiwa, ya kama dunduniya. Salla ta koma kan kujera. Jiya na fita zan sayo madara, na dafa ƙarfen bene, na sa ƙafa a matakalar farko, sai gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Na daɗe a tsaye ina jin ƙarar keken tela a ƙasa, na rasa bakin kiransa. Na ja jiki na koma ɗaki.

Shi ne ya hawo da yamma da bai gan ni ba. Wannan karon bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce zai kira ki. Na roƙe shi ya bari in gaya miki da kaina. To ga shi na gaya miki.

Ki yi mini addu'a.

Mahaifinki

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da mutanen gida. Saƙonki ya iso, na ji ranar Asabar za ki zo.

Mai gashin ƙashin ta zo har ɗaki. Ta sa na rufe ido, ta shafa mini auduga a yatsun ƙafa, ta taɓa ni da bakin tsinke, ta ɗora mini cokali mai sanyi. Duk na ji, na faɗi wurin ba kuskure. Ta ce na baffanki ciwon suga ne ya cinye masa jijiya, ni kuwa ba ni da shi. Ta ce sau da yawa jikin da ya saba da miƙewa yakan ƙara jure zafi, har a wuraren da ba a miƙe ba; ji yana nan, juriya ce ta ƙaru. Sannan ta yi mini faɗa irin wanda rabona da shi tun ina makaranta. Na sunkuyar da kai, don na ci a yi mini.

Na koma ga tawul. Hawayen farko sun dawo, ƙafar kuma ba ta kai inda take kaiwa a da. Ban san ko zuwa Asabar za ta yarda ba. Matar asibitin ma ba ta yi mini alkawari ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Idan kin iso, kada ki hau. Ki tsaya a ƙasa ki kira ni. Zan daɗe, amma kada ki miƙo hannu, kada ki bar tela ya taso. In na iso gare ki, mu sha shayi ki koma gidanki. In na tsaya a hanya, ba zan yi gardama ba. Ki dai bar ni in zaɓi kayan da zan tafi da su da kaina.

Allah ya kawo ki lafiya, ya yi miki albarka.

Naki har kullum,
Mahaifinki