Shuɗiyar Ambulan a Akwatin Brenzi

Edgbaston, 3 ga Maris

Ƙanwata Nana A'isha,

Gaisuwa mai yawa, ya karatu? Ga akwati na aiko miki. Madam Lucia, tsohuwar da nake kula da ita, ashe 'yar Ottavio Brenzi ce, ɗan fim ɗin Italiya da kika ishe mu da labarinsa tun da kika fara digiri na uku. Da na faɗa mata kina rubutu a kan babanta, sai ta sa na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta ɗora min a cinya. Na san agency, kamfanin da ya ɗauke ni aiki, ta hana mu karɓar ko da alawa. Amma mai shekara tamanin da takwas ta miƙo abu da hannu biyu, da wane ido zan ce a'a? Ba haka aka rene mu a Kafanchan ba.

Taki,
Rebecca

Fallowfield, 9 ga Maris

Anti Rebecca,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya saka da alheri.

Fim goma sha tara Brenzi ya yi a zamanin mulkin kama-karya na 'yan Fascist a Italiya, kusan kullum yana fitowa a matsayin hafsan soja cikin farin kaki a saharar Libya. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi ƙaura zuwa Birmingham inda kike, ya buɗe shagon kofi, yana cewa tilasta masa aka yi. Shekara uku ina zargin ƙarya ce, ba ni da hujja. Yanzu ga ta cikin wata shuɗiyar ambulan: kwafin wasiƙar da ya aika wa hukuma a 1938, shekarar da aka fara korar Yahudawa daga aiki, yana tona cewa abokinsa da aka ba babban matsayi a wani fim Bayahude ne. Bayan sati biyu matsayin ya zama nasa. Abokin kuwa ban sake ganin sunansa a ko'ina ba.

Ki huta lafiya.
Nana A'isha

Edgbaston, 14 ga Maris

Nana,

Ina gaisuwa. Kin ƙi ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto. Paolo, ɗan Madam, ya zo ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya kai ƙarata cewa na yi sata, an dakatar da ni. Da aka tambayi Madam, ranar ko sunana ba ta tuna ba. Ran Juma'a za a zauna da ni. Kin san visa ɗina a kan wannan aikin take, ga 'ya'yana Murna da Nehemiah a makaranta.

Ya ce zai janye in akwatin ya dawo cif, har da shuɗiyar ambulan. Ban taɓa ambata masa ita ba. Ya kuma ce in ya ga kalma ɗaya a buge, 'yan sanda zai kira. Tsoro nake ji, Nana. Mutanen da kike rubutu a kansu sun mutu tuntuni, 'ya'yana suna da rai.

Rebecca

Fallowfield, 16 ga Maris

Anti,

Ina gaishe ki, kuma ki yafe min shirun. Kunya ce ta hana ni ɗauka, don na yi tunanin riƙe ambulan ɗin in ce ban gan ta ba. Jiya na ɗora waya a kan wasiƙar zan ɗauki hoto, na daɗe a haka. Ban ɗauka ba, domin na san kaina: in ina da ita, zan buga.

Raina ya ɓaci, ba da ke ba. Zan shigo jirgin ƙasa ran Alhamis, akwatin a hannuna.

Ƙanwarki,
Nana A'isha

Edgbaston, 24 ga Maris

Ƙanwata,

Da fatan kin koma lafiya. Na koma aiki, da takardar gargaɗi. Paolo bai duba komai ba, ambulan ɗin kawai ya zare ya sa a aljihu.

Yau Madam ta tashi garau. Ina taje mata kai ta ce, "Ƙanwarki ta karanta shuɗiyar?" Na ce ta karanta.

Ta ce, "Madalla. Don ita na ba ki. Yaushe littafin zai fito?"

Na ci gaba da taje kan.

Allah ya tsare ki.
Rebecca