Sau Tara Ya Ja Kunnensa

Litinin, 4 ga Maris

Malama Bronwyn ta kunna mana bidiyon gwajin wasan kwaikwayo na jiya. Ni takardar wasan ba ta shiga kaina, layi ɗaya sai in daɗe ina haɗa baƙi. Amma in na kalli bidiyo sau uku, magana ta zauna. Shi ya sa ta tura mini shi a waya.

Yaya ▬▬▬, ɗan Goggo Nangala, shi ne uba a wasan, ni ne ɗa. Yana ganina a allo ya fashe da dariya: "Kai Jakamarra, wa ya dasa ka a nan? Turken shinge ma ya fi ka motsi." Na ce shi fa, kafin kowace magana sai ya ja kunnensa na hagu, tsoro yake kada ya faɗi? Ya rantse ƙarya ne. Malama ta mayar da bidiyon baya muka ƙirga. Sau tara.

Talata, 12 ga Maris

Haɗarin mota, a hanyar garin Yuendumu. Yaya ya rasu tun ranar Asabar.

Na koma baya a littafin nan na soke sunansa. Daga yau Kumanjayi za a ce da shi, kamar duk wanda ya tafi a al'adarmu. Ba a kiran sunan, ba a kallon hoton, ba a jin muryar, sai ranar da Goggo ta yarda.

Litinin, 25 ga Maris

Mun dawo daga zaman makoki. Malama baƙuwa ce a nan garin Alice Springs, ba ta san al'adar ba. Wai don girmama shi ta kunna bidiyon. Kafin mu ankara muryarsa ta cika ɗakin. 'Yan matan suka rufe fuska da riga suka fice, ɗayarsu, Napurrula, tana ihu, "Kashe, Malama, kashe!" Daga baya Malama ta yi ta kuka, ta goge komai a gabanmu.

Ta manta da na wayata. Ni ma ban tuna mata ba.

Laraba, 27 ga Maris

An ba wani abokin wasanmu, Tyrone, gurbin uba. Mutumin kirki, amma sauri yake kamar mai gudun rasa bas. Yana gama layinsa, nawa sai ya ɓace. Ashe ba kalmomi na haddace ba. Numfashin Kumanjayi na haddace, da ɗan shirun da yake yi. Ina tsayawa ina jiran wanda ba zai amsa ba.

Saura kwana goma sha shida. Malama ta ce in ya gagara, wani zai karɓa.

Lahadi, 31 ga Maris

Na zauna a busasshen kogi da wayar a kife kan cinyata. Dannawa ɗaya, komai ya dawo mini. Yatsana ya kai. Wani hankaka ya tsaya yana kallona har na mayar da ita aljihu.

Talata, 2 ga Afrilu

Na cire katin wayar da bidiyon ke ciki na kai wa Goggo. Ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Ta jefa shi a gwangwanin shayi ta danne murfin. "Zauna ka ci, ɗana. Ka rame kamar sandar haƙa."

Alhamis, 4 ga Afrilu

Napurrula na karanta mini layi ina maimaitawa. "Sake, kan dutse!" Mun sake sau ashirin.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi wasan jiya. Ban manta ko layi ɗaya ba. Goggo ta zo, tana baya-baya. Ana cikin yi ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta fita ba. Na kasa gane dalili.

Yau Malama ta kunna sabon bidiyon. Ta ce na daina tsayuwar turke. Ni ba nan idona yake ba. Kafin kowace magana, hannuna yana tashi zuwa kunnen hagu.

Ƙila ƙuda ne. Ɗakin akwai ƙuda.

Na ƙirga dai. Ta tambaya ko ta tura mini a waya, na ce ta tura.