Mai Jan Babur

Litinin, 3 ga Maris

Da hantsi muna shingen bincike a babban titi, wani mai jan babur ya iso. Kofur ya ɗaga masa hannu, sai ya kauce ya ƙara wuta. Oga ya faɗa mota ya ce in bi shi. Ni ne direba, na bi.

Gudu muka yi na fitar hankali. Yana kurɗawa tsakanin tireloli, rigarsa ta cika da iska, ni ina danna jiniya motoci na darewa. A kan gada na cim masa. Oga ya daki kafaɗata. "Taɓa shi."

Na taɓa shi. Ɗan kaɗan, a tayar baya.

Babur ya yi sama, shi ya bugi ƙarfen gada, kwalta ta ja shi tana saɓule masa fata. Da muka sauka, ƙafarsa ta dama ta juya baya, ƙashi a waje fari fat. Yana nishi Kofur ya ƙara masa da gindin bindiga a baki. Ban hana ba.

Talata, 4 ga Maris

An zazzage jakarsa. Kayan gyaran famfo ne. Takardun babur ne suka ƙare, shi ke nan laifin.

Alhamis, 6 ga Maris

Oga ya ce mai babur ɗin da kansa ya faɗi, kowa ya riƙe haka. A gida na ga nama a kwano na ture. Matata ta tambaya, na ce ciki ne.

Asabar, 8 ga Maris

An yanke ƙafar. Yayarsa ta zo ofis tana tambayar wanda ya tuƙa motar. Ta bi mu da ido har ta tsaya a kaina.

"Malam, kana da ƙane?"

Na ce ina da shi. Ta kwashe ni da mari, hulata ta faɗi. Kofur ya zaro kulki zai kwaɗa mata, na murɗe hannunsa sai da ya yi ƙara. Ban san lokacin da na yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na nemi a mayar da ni gadin ƙofa. Oga ya yi dariya, na ce masa bayana ke ciwo. Kuma yana ciwon, wani lokaci.

Da aka tashi na bi ta asibiti. Ai hanyar gida ce, in an ɗan zagaya. Ban shiga ba. Na dai tambayi mai gadi ƙarfe nawa ake barin masu dubiya.