Cif Ɗin da Ka Aiko wa Motar Baba

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wa, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya a can ƙasar sanyi. Inna tana gaishe ka, haka mutanen gida duka. Mu dai ga mu nan Sabon Birni, muna ta kallon sama.

Na san ba ka son a shanya zancen gida a waje, ka yi haƙuri. Na kira ban same ka ba, saƙona kuma ba ka buɗe ba, amma na lura nan dandalin sada zumunta kakan leƙo idan ka tashi daga aiki. Ga kuma direbobin tasha da ke tare ni a hanya, kowa yana roƙon in sa baki ka aiko masa irin abin da ka aiko wa ƙanenmu Mudi. To, su ma su karanta.

Saƙonka ya iso. Wani ɗan baƙin abu ne da bai kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu a gindinsa. Ka ce sunansa cif, ka ce idan aka haɗa shi da ƙwaƙwalwar mota za ta ƙara ƙarfi da gudu. Mudi ya riƙe shi a tafin hannu yana juyawa kamar an ba shi laya. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Na san abin da ya sa ka aiko. Kana jin labarin hanyar Isa, kana jin yadda mutanen daji ke fitowa kan babura su tare mota, ka rasa abin da za ka yi daga nesa. Ka ga gara dai motar ta iya gudu. Ban zarge ka ba, Yaya. Amma ka bari in gaya maka abin da ba a gani daga can.

Kana tune da ranar da Baba ya shigo da Kurciya? Ƙaramar mota mai launin toka, tun lokacin ma ta sha jiki a hannun wasu. Amma ita ce ta farko mai injekta a tasharmu, sauran duk kafireta. Baba yana buɗe bonet yana nuna wa mutane ƙwaƙwalwarta, ya ce ita da kanta take auna iska da mai, ba ta son shisshigi. Mun girma ya rasu, ita tana nan. Yanzu ta girmi wasu daga cikin masu tuƙa motocin tasha.

Kana tune da tsamiyar nan ta rabin hanya, mai rijiya a gindinta? Komai saurin fasinja, Baba sai ya tsaya. Ya ɗaga bonet, ya ja guga, ya yi alwala, ya jira ta huce kafin ya ƙara wa lagireto ruwa. Idan an fara gunaguni ya ce, "Ku bar ta ta huta. Ita ad da wahala, ku zamne kuke." Mu kuma muna tsintar tsamiya muna cika aljihu.

Rijiyar ta ƙafe, Yaya. Damina ta yi mana gardama a jere tun bayan tafiyarka. Bara gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, daga Tsamaye har Turba babu wanda ya ɗaure damin kirki. Gulbi ya zama yashi. Fulanin da ke kawo wa Inna nono sun kora abin da ya rage musu sun yi kudu. Tsamiyar tana nan, amma ba mai tsayawa a gindinta, domin nan ne mutanen daji suka fi son zama. Yanzu mota ba ta da wurin hutu kuma ba ta da wurin shan ruwa.

Shi ya sa direbobi suka koma tafiya ayari. Ranar kasuwar Isa ana jiran juna a tasha har kowa ya cika, a tashi tare, manya gaba da baya, ƙanana a tsakiya. Idan ɗaya ta tsaya duk a tsaya. Ayarin yana da ban haushi, ana bin ƙurar juna ana tafiya kamar masu rakiyar gawa. Amma tun da aka fara shi Kurciya tana tsakiya, kuma kullum tana dawowa.

Ila makanike, wanda ya gaji garejin babansa a bayan tasha, shi ya ɗaura cif ɗin, ba da son ransa ba. Ranar farko Mudi ya zaga gari yana taka totur, motar tana wani gurnani da ba mu san ta da shi ba. Ya rantse ta koma yarinya. 'Yan tasha suka yi ta tafi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji daɗi, don na ɗauka Allah ya kawo mana sauƙi ta hannunka.

Ba a daɗe ba salansar motar ta fara fitar da baƙin hayaƙi. Fulogi ya riƙa yin baƙi ƙirin, sai an kwance an goge. Man da ke kai ta Isa ya dawo da ita ya daina isa. Idan ta kama tudu kuma sai ka ji wata ƙara a cikin injin kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Na je na tsare Ila na ce ya yi mini bayani yadda za ni gane, ni ba makanike ba ce. Ya ce, "Wanga abu ƙarya shika yi wa mota, shina hwaɗa mata ana ɗari." Wai ƙwaƙwalwar tana da abin da take jin zafin iska da shi, cif ɗin kuma ya shiga tsakani yana gaya mata iska mai sanyi ce. Sai ta ƙara mai, ta kunna wuta da wuri, yadda za ta yi a ƙasar da kake.

Ɗari, Yaya! A Gobir, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙofar motar ba ta taɓuwa sai da tsumma. Na yi dariya a gaban Ila, na dawo gida dariyar ta zame mini tsoro.

Ila ya ce akwai na kirki da ƙwararru ke daidaita wa kowace mota nata, amma ko su abin da suke ƙara wa ƙaramin inji irin wannan bai taka kara ya karya ba. Balle tsohuwa mai shan man 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a jarkar. Ga masu tare ni a hanya, amsarku ke nan: ba ya biyan wahalarsa.

Amma ba injin ne ya fi damuna ba. Kan Mudi ne. Tun da aka sa abin nan ya daina jiran ayari. Yana cewa babu babur ɗin da zai kamo shi yanzu. Masu gaggawa suka gane, suna zuwa wurinsa kai tsaye, ya cika ya tashi shi kaɗai tun sauran suna karin kumallo. Sarkin tasha ya yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai, washegari ya sake.

Kasuwar da ta wuce ina cikin motar. Na je sayo wa Inna magani, muka juyo da azahar, ayari yana can baya yana lodi. Mun wuce Turba kaɗan na ga allurar zafi tana hawa. Na nuna masa, ya ce haka take yi. Tsakuwar nan ta fara kaɗawa a cikin injin. Maimakon ya sassauta sai ya ƙara takawa, don wurin ba wurin sassautawa ba ne. Sai tururi ya taso daga bonet ya rufe gilashi, Kurciya ta yi tari ta mutu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gonaki fayau hagu da dama, ko kara babu da mutum zai fake. Can gefe ga mushen saniya fata ta manne da ƙashi. Muka haɗa ruwan shanmu, ledojin da suka rage da gorar wata tsohuwa, muka miƙa wa Mudi. Lagireto ya shanye kamar ba a zuba ba.

Sai muka ji babura.

Daga gabas suka fito, suka tsaya kan wani tudu, nesa da mu amma ba nisan da zai hana ka ganin abin da ke rataye a kafaɗunsu ba. Ba su matso ba, ba su tafi ba. Kallonmu kawai suke yi, kamar masu taya dabba a kasuwar kara. Tsohuwar ta kama hannuna tana salati ƙasa-ƙasa. Na dubi Mudi, yana ta murɗa makulli, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, motar ko tari ta ƙi yi. Na ji tsoro, Yaya.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da na sani, mun ji hon daga baya, ayarin da ya baro ne ya iso. Mutanen tudun suka tayar da baburansu a hankali, ba gudu ba, suka koma inda suka fito. Ɗayansu ya ɗaga mana hannu kafin ya juya. Da igiya aka jawo Kurciya har gida.

Ka ɗauka wannan ya ishe shi darasi. Ina! Ya ce laifin lagireto ne, ya sa an wanke an liƙe. Ila ya kai hannu zai tsinke wayoyin nan biyu, ya riƙe masa hannu. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi. Amsarsa ɗaya ce: "Yaya na ya aiko shi, ba ni cire shi."

Ka gane ke nan. Tun yana rarrafe yake bin bayanka. Takalminka ya sa, makarantarka ya shiga, ranar da ka tafi kwana ya yi bai ci abinci ba. A wurinsa cire abin nan daidai yake da cewa ka yi kuskure, kuma bakinsa ba zai iya faɗar haka ba. Ni ƙanwarka ce, yayarsa ce, amma maganata ba ta kai taka nauyi ba. Kai kaɗai za ka ce ya cire ya cire, ka ce ya koma tsakiyar ayari ya koma.

Kasuwa jibi ce. Ya riga ya yi wa masu gaggawa alkawarin tashin sassafe.

Akwai abin da na bari sai ƙarshe don ban san yadda za ni faɗa maka ba. Likitan Isa ya ce wannan karon magani ba ya isa, sai an kawo Inna ya gan ta da idonsa. Ba mu gaya mata abin da ya faru a hanya ba, saboda hawan jininta. Na nemo mata wuri a babbar mota cikin ayari, ta ƙi. Ka san ba ta faɗar sunanka, kai ɗan fari. Cewa ta yi, tana murmushi, "Gaba za ni zamna, in ji abin da na nesa ya aiko muna." Har ta sa an wanke mata mayafinta na fita.

Ka kira shi, Yaya. Ko minti ɗaya ne. Ba sai ka ba shi haƙuri ba, ka ce kawai ka fasa.

Allah ya tsare Inna da Mudi da duk wanda ke bin hanyar nan, ya rufe idon azzalumai daga gare su. Allah ya jiƙan Baba, ya saukar mana da ruwa mai albarka. Kai kuma Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya sa idonka ya faɗa kan wannan saƙo kafin jibi. Amin.

Ƙanwarka da ke riƙe da waya tana jira,
Rabi