Rabin Abin da Kike Gani

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hutawa, ruwan randa a tsakar rana, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina rubuto miki ne daga ofishin malamai, hannuna fari fat da alli, muryata ta dushe. Tun safe darasi ɗaya nake maimaitawa aji bayan aji, har na gaji da jin kaina.

Kin ma san darasin. Shi na gwada a tsakar gidanmu muna amarci, kika danne bakin zare da babban yatsa, ni kuma ina zagaya ki da gawayi. Na ajiye duwatsu biyu a bakin da'irar, kina dubansu daga tsakiya, ina dubansu daga gefe. Na ce kusurwar da suka buɗe miki ninki biyu ce ta tawa, kuma duk inda na matsa a wannan gefen, tawa ba za ta ƙaru ba. Kika ce in matsa in ba ki hanya, girkinki na ƙonewa.

Shekaranjiya a waya kika ce, "Malam, kai fa rabin abin kake gani. In hutu ya zo ba ka dawo da kayanka ba, Yaya zai zo ya kai ni gida." Na kwana da maganar, na tashi da ita. Yau kuma ɗalibai suka yi kuskuren da suka saba, wai in mutum ya matso kusa da duwatsun a bakin da'ira, kusurwarsa za ta girma. Ina cikin gyara musu sai alli ya tsaya a hannuna. Ashe ba ni ba ne? Ana ta canja ni daga wannan makaranta zuwa waccan, ina murna na matso kusa da gida, alhali ina nan a gefe. Ke ce a tsakiya. Ke ke ɗaga Inna, mahaifiyata, ki kai ta bayi, ke ke jin tarin auta, ke ke raba faɗan yara. Ni kuwa sai dai in ce sannu ta waya.

Na gaji, farin watana, wallahi na gaji. Na gaji da ɗakin nan mai kofi ɗaya, da abincin da ba hannunki ba, da kewarki da ke bi na har cikin aji. To in tawa gajiyar rabi ce, a ina kike ajiye taki?

Na gaya wa shugaban makaranta wannan zangon ne na ƙarshe. Ya ce makarantar unguwarmu ta ƙananan yara ce, zan ɓata ilimina. Na ce ko ƙirgen yatsu ne zan koyar.

Ki ce wa Yaya kada ya wahalar da motarsa. In kuma sai kin je gida kin huta, ba zan hana ki ba. Ki dai jira in iso, ki bar min Inna da yaran, in ga sauran rabin da idona.

Naki, har ƙasa ta rufe min ido,
Baban yaranki