Keken Babanka Ya Ƙi Sikeli

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da ƙananan angwayena. Tikitin jirgin ya iso, Allah ya yi albarka.

Na ce maka ba zan taho in bar keken marigayi babanka ba. Jiya mai gyaran keke ya zo da kwali. Ya cire feda da tayar gaba, ya juya kan keken gefe, ya naɗe sarƙar da tsumma. Sai ya ce dokar jirgi ce a sace iskar tayoyin. Ɗana, babanka ne ya buga iskar nan da hannunsa, safiyar da ya kwanta. Da ta fara fita sai na ji kamar ajiyar zuciyar mutum a bayana. Ban waiga ba. Mai gyaran ma ya daina raha.

Gobe za mu kai shi awo filin jirgi.

Mahaifiyarka.

Ɗana,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramin?

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba na son ƙari a magana. A tsakar gida mai gyara ya ɗaga kwalin da hannu ɗaya. A bakin ƙofa sai da direban da zai kai mu ya kama masa. A filin jirgi kuwa ƙarti suka yi ta nishi kafin ya hau sikeli. Ma'aikacin awo ya dubi allonsa, ya tambaye ni cikin wasa ko mutum na ɓoye a ciki. Aka yanke salatif, aka zazzage: ƙarfe ne da tsumma. Aka canza sikeli, ba ta sauya zani ba; suka ce nauyin ya wuce ƙa'ida.

Da muka juyo gida, ni kaɗai na shigar da kwalin.

Na san abin da aka karantar da mu, wanda ya tafi ba ya dawowa. Na yi ta istigfari, ban kuma ce na ga kowa ba. Amma na sa an haɗa keken, an jingina shi a zaure. Mai gyara ya ɗaga sirdin daidai nasa tsayin, ya ɗaure tam, ya tafi da sifanarsa. Da na idar da la'asar na tarar sirdin ya sauko, daidai ƙafar babanka.

Ka mayar musu da tikitin. Ba a barin mai gida shi kaɗai. Ku dai ku zo da yaran.

Mahaifiyarka, mai yi maka addu'a kullum.